Kiɗan da ba ya da baiti ba bebe ba ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu malaman adabi, wai kiɗan manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai hayaniya ce kawai, tunda ba a rera ko baiti guda a cikinsa. Wannan hukuncin wanda bai saurara ba ne.

A 1894 Claude Debussy ya mai da waƙar Mallarmé kiɗa, waƙar da ke zancen wani aljanin daji mai mafarki da tsakar rana. Bai bi ta baiti-baiti ba. Sarewa guda ya sa ta buɗe, tana sauka tana hawa cikin kasala, har mai sauraro ya ji nauyin rana a jikinsa. Olivier Messiaen kuwa yana fursunan yaƙi a hannun Jamusawa ya tsara kiɗan makaɗa huɗu, aka buga shi cikin sansanin a watan Janairun 1941. A ciki ya ɗora wa abin busa kukan tsuntsaye, halittar da shinge ba ya tsarewa, a gaban mutanen da ke tsare.

Abin mamaki, masu wannan suka sun tashi ne inda kalangu ke kiran sunan mutum, kakaki ke yi wa sarki kirari. Wanda ya yarda fata na magana, da wace hujja zai ce tsirkiya bebiya ce?

Malamin da ya karantar da Mallarmé, ya hana ɗalibansa minti goma na Debussy, rabin darasi ya ba su.