Hunturu a Birnin Zariya: A Nemi Dalili Kafin a Nemi Mai Gyara

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, gidaje da yawa suna da tukunya guda mai dafa ruwa, tana tura shi ta bututu zuwa ɗakuna da makewayi. Idan ta tsaya, gwanin gyara ba ya gaggawar kwance ta. Yakan bi dalilai ɗaya bayan ɗaya: akwai wuta? Akwai gas? Ruwa yana zagayawa? A cikin ganuwar Zazzau, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, galibin gidaje ba su da wannan tukunya. Abin dogaronsu a hunturu shi ne soron ƙasa, da hitar da ake tsomawa a bokiti, da kaskon gawayi. Duk da haka wancan tsarin bincike ya dace da su, kuma ɗalibin sakandare ne ya fi cancanta ya shigo da shi gida.

A fara da ɗakin kansa. Kakkauran bangon ƙasa yana shan zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa sannu a hankali da dare. Wannan hikima ce ta magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Saboda haka idan ɗaki ya ƙara sanyi bayan an cire azara an sa kwano ba silin, to laifin na rufi ne, ƙarin gawayi ba zai magance shi ba.

Sai hita. Kafin a ce ta lalace, a yi lissafi. Lita guda ta ruwa tana buƙatar kimanin jul 4,200 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ke nan ɗaga lita 10 daga digiri 20 zuwa 40 yana cin jul 840,000. Hita mai wat 1,000 tana ba da jul 1,000 a kowace daƙiƙa, don haka za ta gama cikin minti 14. Amma idan ƙarfin wuta ya faɗi daga bolt 230 zuwa rabinsa, zafin da take bayarwa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, aikin ya kai kusan awa guda. A nan hitar lafiyarta lau. Idan kuwa ba ta yi ɗumi ko kaɗan ba, a gwada wani abu a soket ɗin, sa'annan a duba filogi da waya bayan an zare ta. Wayar da ta kwaile ba ta gyaruwa da leda. Kada a kunna hita a wajen ruwa, kada kuma a sa hannu a bokiti tana jone.

Mafi hatsari shi ne kasko, domin matsalarsa ba ta da alama. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki ba ya samun isasshiyar iskar oksijin, sai ya fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fitowa tsakar gida, a tuhumi kasko kafin a tuhumi zazzaɓi. A fitar da su sarari, a garzaya asibiti. A ɗuma ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kasko kafin barci.

Ya kamata malaman kimiyya su mai da waɗannan abubuwa uku darasin aji a kowane hunturu. Ɗalibin da ya iya tambayar "mene ne dalili?" zai tsare wa iyayensa kuɗi, watakila ma da rai. Rigakafi dai ya fi magani.