Abin Da Tsoro Ya Yi Wa Nokia

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kullum. Yau zancena a kan shugaba ne da mutanen da ke ƙarƙashinsa, da yadda magana ke hawa daga ƙasa zuwa sama.

Jama'a, ba na tsammani cikinmu akwai wanda bai taɓa riƙe wayar Nokia ba. Kamfanin na ƙasar Finland ne. A shekarar 2007, cikin kowace waya goma da aka sayar a duniya kusan huɗu nasa ne. A shekarar nan ce Apple ya fito da iPhone, a 2008 wayoyin Android suka biyo baya. To, Nokia ba ya rasa kuɗi, ba ya kuwa rasa gwanayen injiniyoyi. Me ya kā da shi?

Wasu malamai biyu, Timo Vuori da Quy Huy, sun bi diddigin al'amarin. Sun yi hira 76 da manya da matsakaitan shugabannin kamfanin, da injiniyoyi, da masana na waje, suka buga abin da suka gano a 2016. Manya suna tsoron abokan gasa da masu hannun jari, sai su matsa wa na ƙasa lamba, wani lokaci har da tsawa. Na tsakiya kuwa tsoron manya su ke yi. Sun san sarai Symbian, watau manhajar da ke tafiyar da wayoyin, ta yi nauyi, ba ta iya tsere da sababbi, gyaranta kuma aikin shekaru ne. Amma wa zai kai wannan labari? Sai su riƙa aika rahoto mai daɗin ji, su ɗauki alkawarin ranar gama aiki da sun san ba za ta yiwu ba. Manya su karanta, ransu ya yi fari. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Ni akawu ne, wannan ciwo na san shi. A wani ofis da na taɓa aiki, an ba ni rahoto in buga, an rubuta cewa aiki ya tsaya cik don injin ya lalace. Na gaba da ni ya karanta, ya ce, "Malam, ka san halin mai gida. Sa cewa aiki na tafiya sannu a hankali." Na sa. Na gaba da shi kuma ya soke "sannu a hankali". Sa'ad da takarda ta isa teburin mai gida, aiki na tafiya, ke nan. Ba na wanke kaina, da hannuna na buga, har yau abin na damuna. Amma mai gidan nan ya sha yi wa mai kawo mugun labari kaca-kaca a gabanmu, kowa kuwa ya ɗauki darasi.

Mu koma Nokia. A 2010 aka ɗauko Stephen Elop, mutumin Kanada, daga Microsoft aka ba shi shugabanci. Cikin Fabrairu 2011 ya rubuta wa ma'aikata takarda, ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye bisa dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, wuta ta kama, ba shi da zaɓi sai faɗawa ruwa mai sanyi. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai a ganina ta zo a makare, ta kuma zo da ƙara. Takardar ta fita ta shiga jaridu, bayan 'yan kwanaki ya sanar za su koma manhajar Windows. Wane mai saye zai zuba kuɗinsa a wayar da mai ita ya ce gidanta na ci da wuta? Cinikin wayoyin Symbian ya zube tun sababbin ba su fito ba.

A Satumba 2013 aka ƙulla cinikin sayar wa Microsoft sashen wayoyin, tare da izinin amfani da fasahar Nokia, a kan Yuro biliyan 5.44. Aka kammala a Afrilu 2014. Cikin Yuli na shekarar Microsoft ya ce zai sallami ma'aikata 18,000, kimanin 12,500 cikinsu daga sashen nan na Nokia su ke.

Wassalam.

Naka,
Akawu