Bindiga A Hannun Matuƙin Jirgin Sama: Kariya Ce Ko Ƙarin Haɗari?

Yawancin 'yan kasuwarmu na Konni da Illela, Jibiya da Maraɗi, yau ba baƙin jirgin sama ba ne. Wani Dubai ya nufa saro kaya, wani Gwanju ta ƙasar Sin, wani kuma Jidda domin Umra ko aikin Hajji. Don haka muhawarar da aka daɗe ana yi a Amurka, kan ko ya dace matuƙin jirgin fasinja ya riƙa ɗaukar bindiga, ba ta yi nisa da mu ba.

Idan dai ba a manta ba, maganar ta taso ne bayan harin 11 ga Satumba na 2001, lokacin da mutum 19 suka ƙwace jirage huɗu da 'yan wuƙaƙe kawai, aka yi asarar rayuka kusan 3,000. A watan Nuwamba na 2002 Amurka ta kafa dokar da ta ba matuƙa damar riƙe makami, rukunin farko kuma ya kammala horo a Afrilun 2003. Ba kowane matuƙi ake ba ba. Sai wanda ya nema da kansa, aka binciki halinsa da lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ya yi horon kamar mako guda, kuma ba a ƙara masa ko sisi a kan albashinsa. Ikon da doka ta ba shi bai wuce kare ɗakin tuƙi ba.

Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi, ba za mu raina ta ba. Suna cewa mutumin da aka damƙa wa rayukan mutum ɗari uku, ina dalilin hana shi ƙaramar bindiga? Kuma tun bayan 2001, jirgin da aka ƙwace ana iya tura jirgin yaƙi ya harbo shi kafin ya faɗa kan gari. To, in ji su, gara harsashi ɗaya a bakin ƙofa da roka a kan jirgin baki ɗaya.

Amma mu a ganinmu, abin da ya toshe hanyar da maharan 2001 suka bi ba bindiga ba ce, ƙofa ce. A 2003 aka wajabta wa manyan jiragen fasinja ƙofar ɗakin tuƙi mai sulke, wadda harsashi ba ya hudawa, kuma na ciki yana iya hana kowa shiga. Tun daga nan haɗarin ya sake wuri, ya koma bayan ƙofar. A watan Nuwamba na 2013 jirgin kamfanin Mozambik ya faɗi a Namibiya da mutum 33, bincike ya nuna babban matuƙin ne ya kulle abokin aikinsa a waje ya kifar da jirgin da gangan. A Fabrairun 2014 mataimakin matuƙin wani jirgin Habasha ya kulle ƙofa ya karkata jirgin zuwa Janiba domin neman mafaka. A Maris na 2015 kuma mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya yi irin ta na Mozambik a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka mutu. A duka ukun, wanda ake cewa a ba bindiga shi ne ya yi ɓarnar.

Ko a Amurkar ma an ga alamu. A Maris na 2008 bindigar wani matuƙin US Airways ta tashi bisa kuskure suna dab da sauka a birnin Shalot, harsashi ya huda jikin jirgin, Allah dai Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. A 2023 an gurfanar da wani mataimakin matuƙi mai izinin riƙe bindiga, bisa zargin ya yi barazanar harbe babban matuƙi idan ya karkata jirgi domin wani fasinja mara lafiya.

Mu dawo yankinmu, domin mu ma mun taɓa gani da idonmu. Ranar 25 ga Oktoba na 1993 wasu samari huɗu suka ƙwace jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, don nuna fushi kan soke zaɓen 12 ga Yuni. Jirgin ya sauka a Yamai, suka yi barazanar banka masa wuta, aka yi kwana uku ana ja-in-ja kafin jami'an tsaron Nijar su afka ciki. An rasa rai guda, sauran suka tsira. Da matuƙin ya buɗe wuta a sararin sama, cikin jirgi cike da mutane, wa ya san gawa nawa za a sauke a Yamai?

Labarin da ya fi burge mu shi ne na jirgin Muritaniya a Fabrairun 2007. Wani mutum ɗauke da bindigogi biyu ya ƙwace shi bayan ya tashi daga Nuwakshot. Matuƙin ya lura mutumin ba ya jin Faransanci, sai ya yi wa fasinjoji bayanin shirinsa da Faransanci ta lasifika. Da suka zo sauka a tsibirin Kanari na Sifen, ya taka birki da ƙarfi, mutumin ya kife, aka watsa masa tafasasshen ruwa, fasinjoji suka danne shi. Matuƙin nan da hannunsa biyu ya yi aiki, duka a kan tuƙi. Haka ma a ranar Kirsimeti ta 2009, fasinjoji da ma'aikata ne suka danne Umar Faruk Abdulmutallab a jirgin da ya nufi Ditiroyit, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Akwai kuma wahalar da ɗan kasuwar iyaka zai fi kowa fahimta. Wanda ya taɓa tsallaka da kaya daga Ɗan Isa zuwa Magama ya san takardar da ta yi aiki a wannan gefe ba lallai ta yi aiki a wancan ba. Jirgin da zai kai ka Dubai yana iya bi ta Adis Ababa ko Alƙahira, kowace ƙasa da dokarta kan makami. Lasisin wa matuƙin zai nuna, kuma wa zai ajiye bindigar idan ya tafi masauki?

Asara mafi muni da aka yi a sararin samaniyar Nijar ma ba ta ƙofar matuƙi ta shigo ba. Ranar 19 ga Satumba na 1989 jirgin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena, ya tarwatse a hamadar Tenere da mutum 170. Bam ne aka saka cikin akwati tun a ƙasa, kuma a 1999 wata kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. Da kowane matuƙin jirgin nan yana rataye da bindiga, da ba abin da zai canza. Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, domin mu ne muka saba a tare mu a filin jirgi a ce, "Alhaji, don Allah riƙe min wannan saƙo zuwa Jidda," mu kuma kunya ta hana mu cewa a buɗe mu gani.