DALA NA DA MAI ƘIRGA TA, GAWAR TSOHO BA TA DA

Duk wanda ke riƙe da wayar salula a yau zai iya sanin nawa aka sayar da Dalar Amurka a kasuwar Wapa ta Kano da safe, nawa ta koma bayan la'asar, da yadda ta tashi a kasuwar gwamnati har zuwa kwabon ƙarshe. Gidajen rediyo na karantawa, Babban Banki na wallafawa, masu sharhi na ta kumfar baki a kai. To amma a je Funtua ko Malumfashi a tsare kowane mai riƙe da muƙami, daga kansila har sama, a tambaye shi tsofaffi nawa ne masu hawan jini da ciwon suga suka kwanta dama a wannan yanki tun watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta faɗi warwas. Ba zai iya faɗa ba, don babu wanda aka ɗora wa aikin ƙirga su. Takardar kuɗin Amurka tana da ma'aikata masu bibiyar lafiyarta dare da rana. Dattijon da ya shekara 50 yana noma auduga da masara a Bakori ba shi da ko layi ɗaya a rajista.

Kada ɗan'uwa mai karatu ya ɗauka cewa haɗa kasuwar canji da mutuwar tsofaffi wani zafin kai ne na 'yan gwagwarmaya. Su kansu masanan Turawa sun yi lissafin. A watan Disambar 1994 kuɗin ƙasar Meziko, wato Peso, ya karye, cikin 'yan watanni ya rasa kusan rabin darajarsa. Bayan ƙura ta lafa sai wani malamin tattalin arziki na Jami'ar Harvard mai suna David Cutler, da Felicia Knaul, da Rafael Lozano da wasu abokan aikinsu suka ɗauko rajistar mace-macen ƙasar suka gwama shekarun masifar da shekarun da suka gabace su. A binciken da suka buga a 2002 sun gano cewa a 1995 zuwa 1996 mutuwar ƙananan yara da tsofaffi ta ƙaru da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Da suka mai da shi zuwa kawunan mutane sai ya ba da ƙarin yara kimanin 7,000 da ƙarin tsofaffi kimanin 20,000. Tsofaffi dubu ashirin, ba a harba harsashi ko ɗaya ba! Babban dalilin da suka samu kuwa shi ne raguwar abin da ke shiga aljihun magidanta, sai kuma wataƙila nauyin da ya yi wa asibitoci yawa.

Abin da ya sa aka iya wannan lissafi a Meziko shi ne can ana rubuta wanda ya mutu. A Nijeriya, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ke shiga rajista. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006. Mutum ya cika da asuba, a yi masa sutura, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, a yi zaman makoki, shi ke nan. Wannan duhun ne ya ba mahukunta damar tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto suna cewa gyara ya yi nasara.

Ba yau aka fara ba. A farkon shekarun 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rungumi shirin SAP bisa tsarin Asusun IMF da Bankin Duniya, a watan Satumbar shekarar aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje, a zaman farko Dala ta haura Naira 4. Zamanin Janar Abacha aka daskarar da farashin gwamnati a wajen Naira 22, alhali a kasuwar bayan fage ta wuce 80, wanda duk ke da uwa a gindin murhu ya karɓo a 22 ya juyar a 80. Ranar 14 ga Yunin 2023, makonni biyu bayan Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, Babban Banki ya saki Naira. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta tsallake 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, a hannun 'yan canji ma ta doshi 1,900.

To me ya haɗa tsohuwar da ke zaune a Ƙafur, wadda ba ta taɓa ganin Dala da idonta ba, da wannan hada-hada? Ƙwayar da take haɗiya kullum da safe ita ta haɗa su. Hukumar NAFDAC da kanta ta sha faɗa cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, ragowar da ake haɗawa a gida ma sinadarinsu daga Indiya da Sin ake sayowa, da Dala. Kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita kai tsaye. A ɗauki misalin maganin wata guda da ɗan kasuwa ke sayowa Dala 5. A farashin 460 Naira 2,300 ke nan. A farashin 1,500 ya zama Naira 7,500, tun ba a ɗora kuɗin mota da ribar mai kemis ba. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin, ya sanar da naɗe tabarmarsa daga Nijeriya, a Nuwamba kamfanin Sanofi, wanda ke cikin manyan masu allurar insulin, ya bi sahu, suka bar kasuwar a hannun dillalai. Cikin 'yan watanni farashin wasu daga cikin waɗannan magunguna ya ninka sau uku, sau huɗu.

Yadda kisan ke gudana ba a ɓoye yake ba, duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san shi. Hawan jini da ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Magani ne na har ƙarshen rayuwa. Idan kuɗi ya gaza sai a fara sayen na sati maimakon na wata. Daga nan sai a riƙa raba ƙwaya biyu. Daga nan sai tsohon da kansa, don kunya da tausayin 'ya'yansa, ya ce ai ya ji sauƙi, a bar kuɗin a sayi tiyar masara. Shi kuwa hawan jini ba ya sallama, ba ya ciwo ballantana ya yi gargaɗi. Wata biyu, wata uku, sai a wayi gari baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, ko ƙafafu sun kumbura ƙoda ta tsaya. A nan ne za a nemi motar zuwa Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi da man fetur ɗin da ya ninka, daga can a ce sai Shika ko Katsina, a can kuma kayan wankin ƙoda da ruwan da ake ƙarawa da allurai duk da Dala aka auna su. Iyalai da dama tun a hanya suke yanke shawarar komawa gida. Da an tambaya sai a ce tsufa ne.

Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke jayayya da shi. Amma babu malamin da ya taɓa cewa ajali yana wanke wanda ya toshe wa mara lafiya hanyar magani. In da haka ne da ba a yi wa mai kisa hukunci ba, tunda shi ma wanda ya kashe kwanansa ne ya ƙare.

Masu kare wannan tsari suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ce duka ba. Suna cewa tsohon tsarin farashi biyu ɓarayin gwamnati kawai yake ƙosarwa, kamar yadda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya bayyana tun 2016, cewa mai hanya zai iya zama a lambun gidansa ya tara biliyoyi da kiran waya kawai. Suna cewa a 2025 Dala ta zauna a wajen 1,500, asusun ajiyar waje ya haura Dala biliyan 40. An ji. To su waɗanda suka sha romon tsohon tsarin, me suka biya? Dalolin da suka tara su ne suka ninka musu sau uku cikin watannin da suka biyo bayan sakin Naira. Shi kuwa manomin Dandume da bai ci ko sisi a ɓarnar ba, shi aka miƙa wa takardar biyan kuɗin gyaran. Ya sayi taki da maganin feshi a farashin Dala, sannan da aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji a 2024, farashin masararsa ya rikito a 2025. Umarnin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Yunin 2024 na cire haraji a kan kayan haɗa magunguna ya zo ne bayan shekara guda cur da sakin Naira. Me ya hana a yi shi tun kafin a saki? A cikin wannan shekara guda, su wa aka binne?

Kafin wannan ma an yi ta canjin takardun kuɗi na Godwin Emefiele, daga ƙarshen 2022 zuwa Maris ɗin 2023, lokacin da mutum ke da kuɗinsa a banki amma ba shi da Naira 500 ta katin asibiti. Ita ma babu wanda ya ƙirga gawarwakinta.

A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙin, yawanci a wajen kashi 5 take tsayawa. Ba abin mamaki ba ne, don masu rabon ba a nan suke jinya ba. Jihar Katsina ta fitar da shugabannin ƙasa biyu na farar hula. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a Saudiyya ya yi doguwar jinyarsa daga Nuwambar 2009. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan a 2017, a can kuma rai ya yi halinsa a watan Yulin 2025. Allah ya jiƙan Musulmi. Tsaransu da ke Danja da Ƙanƙara da Faskari, waɗanda 'yan bindiga suka raba da yawansu da gonakinsu, ko Shika ta yi musu nisa.

Sai kuma maganar da ba za ta yi wa wasu samari daɗi ba. Akwai matasa da dama a Funtua da Malumfashi, har da masu zuwa karatu, da suka faɗa cinikin kuɗaɗen waje ta waya, suna kwana suna kallon jan layi da koren layi, wai su ma 'yan kasuwar duniya ne. Hujjarsu ita ce neman abin da za su riƙe iyaye. Hukumar da ke sa ido kan kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke tafkawa. Wannan a Turai ke nan, inda akwai doka. A nan an ga MMM a 2016, an ga CBEX a Afrilun 2025. Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa sharaɗin musayar kuɗi da kuɗi, wato a karɓa hannu da hannu a majalisin ciniki. Ɗan canjin da ke ƙirga wa mahajjaci Riyal a Wapa ya san wannan. Saurayin da ke cacar hawa da saukar Dala da bashin da manhaja ta ninka masa, babu abin da ya karɓa, babu abin da ya miƙa. Dubu goman da ya zuba a daren Alhamis ta narke kafin asuba, maganin mahaifinsa ne na wata guda.

Masu cewa ba za a iya ƙirga mutanen karkara ba su binciki tarihin Malumfashi. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila sun zauna a wannan yanki, suka bi ƙauyuka gida-gida suna rubuta haihuwa da mutuwa, da masu tsargiya, da zazzaɓin cizon sauro, har da waɗanda maciji ya sara. Ba kwamfuta a hannu, ba waya, ba kwalta. Alƙalumansu na nan a mujallun likitanci har yau. Shekara 50 bayan haka, ga jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, ga Hukumar Ƙididdiga da ta iya sake ma'aunin hauhawar farashi a Janairun 2025 har ya sauko daga kashi 34.8 zuwa kimanin 24 a wata guda, amma an rasa mai bin maƙabartu.

Tunda sun ƙi, aikin ya dawo kan 'yan'uwa matasa, don su ne masu haƙa kabari, su ne masu ɗaukar makara. Littafi mai shafi 80 da biro sun isa. A kowace unguwa, da izinin liman da mai unguwa da yardar iyalan mamaci, a rubuta ranar rasuwa da shekarun mamacin a ƙiyasce, da cutar da likita ya taɓa faɗa masa, da maganin da yake sha, da watan da ya daina saye, da dalilin dainawar. Ba a buƙatar suna. A haɗa da farashin magunguna biyar na hawan jini da suga daga kemis ɗin unguwa a farkon kowane wata, a gefensa a rubuta farashin Dala na ranar. Bayan wata 12 a tattara na Funtua da Bakori da Danja da Dandume da Ƙafur da Malumfashi, a kai wa masu nazarin lafiyar al'umma a Zariya su tace shi, kwafi ɗaya kuma a ajiye shi a teburin kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Jiha kafin a zauna kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa.