DAGA BAYAN FAGE: Daren da amfilifaya ta ba ni kunya a Masanawa

Wasu daga cikinku sun sha rubuto min cewa wai mu masu kaɗa jitar bes banza muke ci, tunda ba a jin mu a waƙa. To ku gyara zama.

Da 'yar gaskiyarku. Tun da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinanmu, musamman bayan Sangaya a 1999, wannan ƙugin da ke dukan ƙirji daga fiyano yake fitowa, yanzu kuma daga kwamfuta. Amma wasa a gaban jama'a wani abu ne daban.

Biki aka gayyace mu a Masanawa, cikin ƙaramar hukumar Kabo. Muka fita ta Kabuga muka kama hanyar Gwarzo, lokacin hunturu, ƙura har cikin haƙori. An ba mu rabin kuɗi, sauran sai an tashi. Ina ganin janareton da suka tanada gabana ya faɗi: ɗan ƙarami ne irin na masu cajin waya. A kansa aka jona ƙwayayen wuta, fiyano, mikisa, ga kuma amfilifayata.

Bayan isha'i muka fara, fili ya cika, 'yan mata sun shigo da ankonsu. Waƙa ta uku sai na lura duk sanda na taɓa babbar tsirkiya ƙwayayen sai su dusashe. Ku gane, wannan tsirkiyar tana kaɗawa kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa, kuma kafin sifika ta tura iskar da za ta fitar da sauti mai kauri haka, sai ta zuƙi wuta fiye da kowa. Kayanmu wuta 230 suke so. Idan ta yi ƙasa, sauti ya fara gwaranci. Nawa ya yi gwarancin, ya yi tari, ya ɗauke ɗif.

Wallahi mawaƙi na rerawa, fiyano na tashi, amma masu rawa suka tsaya cirko-cirko kamar an zare musu laka. Wanda ba a jin sa ɗin nan fa! Kawun ango ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, in wasan ya ƙare ne ku faɗa mana." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, minti biyar." Sauran kuɗinmu nake hangowa suna tafiya.

Na duba fis, lafiya lau. Na taɓa bayan amfilifaya, zafi rau. Ta kashe kanta ne don kada ta ƙone. Na cire jita na soka kai tsaye a mikisa, na rage kauri, aka ci gaba da lallaɓawa. Yaronmu kuma na ce ya bi waya ya ga inda wutar ke zurarewa.

Ashe wata doguwar waya ce ta ratsa ta zaure har ɗakin amarya, ƙawaye sun jona dutsen guga suna gyara ankon gobe! Shi kaɗai ya isa ya cinye janareton. Aka zare shi, amfilifaya ta huce, muka dawo da ƙarfinmu, liƙi ya ɓarke.

Kawu ya cika mana kuɗinmu, har da ƙarin na mai. Muna naɗe wayoyi sai ga wata yarinya da dutsen gugar a hannu: "Yaya, wai an ce in tambaya, kun gama mu mayar?"