Raina kama ka ga gayya: SQLite da masu yi masa kallon abin wasa

Wata ɗabi'a ta yi katutu a tsakanin masu rubuta manhaja: da zarar an ambaci SQLite sai a yatsine fuska, a ce ai wannan na 'yan koyo ne, aikin gaske sai PostgreSQL ko MySQL. Daga nan sai a ɗora wa mai kantin magani, mai kwamfuta ɗaya tal, nauyin hayar uwar garke da dala duk wata, don lissafin kayan da bai wuce layuka dubu kaɗan ba. Ranar da intanet ya ɗauke, ciniki ya tsaya cak. Ana kiran wannan ƙwarewa, alhali almubazzaranci ne da dukiyar wani.

Irin wannan matsalar ce ma ta haifi SQLite. A shekarar 2000, D. Richard Hipp yana aiki kan wata manhaja ta jirgin ruwan yaƙin Amurka, wadda ta dogara da rumbun bayanai na Informix. Idan uwar garken ta faɗi, manhajar ma ta faɗi. Sai ya rubuta rumbun da ke zama cikin manhajar kanta, bayanansa duka a fayil guda, kuma ya bar wa duniya shi ba tare da riƙe haƙƙin mallaka ba. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Chrome da Firefox. Wanda ke raina shi a WhatsApp, a cikinsa wayarsa ke adana saƙon rainin. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar a adana bayanai da su, masu kula da shi kuma sun ce za su ci gaba da tallafa masa har 2050.

Ga mai aiki da Python, tun 2006 sqlite3 ke zuwa tare da harshen. Layi biyu sun isa a buɗe rumbu.

Masu sukar suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: SQLite ba ya barin marubuta biyu su yi rubutu lokaci guda. Banki ko babban kanti na intanet ba wurinsa ba ne, haka ma fayil ɗin da kwamfutoci da yawa za su riƙa buɗewa ta hanyar sadarwar ofis, domin kulle fayil a can ba abin dogaro ba ne. Sai dai manhajoji nawa ne suka kai wannan matsayi? Tun 2010 akwai tsarin WAL, wanda ke barin masu karantawa su ci gaba yayin da marubuci ke aikinsa.

Sauran laifuffukan da ake jingina masa kuwa, yawancinsu na hannun da ya riƙe shi ne. SQLite ba ya tilasta alaƙa tsakanin tebura sai an umarce shi da PRAGMA foreign_keys = ON, kuma a kowane haɗi sai an maimaita; wanda ya manta zai wayi gari da rasit marasa mai shi. Yana karɓar rubutu a gurbin lamba ba tare da ƙorafi ba, sakacin da ya cancanci zargi, amma tun 2021 kalmar STRICT a ƙarshen bayanin tebur ta toshe shi. Mai liƙa abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, maimakon ya sa alamar tambaya ya miƙa ƙimar daban, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma PostgreSQL ma ba zai cece shi ba.

Mafi muni shi ne ajiyar kariya. Da yake fayil guda ne, sai a kwafe shi zuwa filasha ana tsakiyar rubutu, ko a bar fayil ɗin WAL a baya, ba a gane kwafin ya lalace ba sai ranar da aka buƙace shi. Python na da umarnin backup don wannan aiki, SQLite kuma na da VACUUM INTO. Kowannensu yana fitar da kwafi lafiyayye ko da manhajar tana aiki.