Kafin ki zuba kuɗin adashe a kyamarar ɗaukar hoton biki



Tun da muka taɓo batun sana'ar 'yan mata bayan sakandare, tambayar da ta fi yawa a wurin sharhi ita ce ta kyamara. Iyaye daga Garki da Ringim da Dutse sun ce 'ya'yansu sun ƙware da ɗaukar hoto da waya, yanzu kuma sun matsa sai an saya musu irin wadda ake kira full-frame mai sauƙin kuɗi, su fara ɗaukar biki da suna. Uwa kuwa ta san inda kuɗin zai fito: ko kwasar adashe, ko tunkiyar da ake kiwo, ko ɗan kunnen gwal da aka ajiye don ranar buƙata.

Sana'ar dai tana da kasuwa. Gidaje da yawa a wajenmu ba sa barin namiji ya shiga cikin mata ranar kamu ko sa lalle ko yinin biki, don haka yarinyar da ta iya hoto, kuma aka san gidansu, ba za ta rasa kira ba. Abin dubawa shi ne ko wannan kyamarar ce ta dace a fara da ita.

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske, masu hoto na ce masa sensa. Na full-frame tsawonsa milimita 36 ne, faɗinsa 24, daidai da fim ɗin da masu hoton da suke sakawa. Na ƙananan kyamarori, wanda ake kira APS-C, bai kai rabin wannan girma ba. Babban faranti ya fi tara haske, kamar yadda babban baho ya fi ƙaramar roba tarar ruwan sama. Amfaninsa yana fitowa ne a ɗakin amarya bayan magariba, ƙwan fitila ɗaya, mutane cike: fuska ta fito fes, launin leshi da zanen lalle su fito yadda suke. Amma a tsakar gida da hantsi, ko a filin hawan sallah na Ringim, da wuya idonki ya bambance hotonta da na ƙaramar kyamara, balle idan ta WhatsApp za a tura.

Masu sauƙin kuɗin da aka fi ambata su ne waɗannan. Canon EOS RP ta fito a 2019 a kan dala 1,299. Ba ta da nauyi, hannun yarinya zai iya yini da ita, amma batirinta hoto kimanin 250 yake ɗauka a gwajin kamfani, kuma gurbin memori ɗaya ne. Nikon Z5 ta fito a 2020 a kan dala 1,399, tana da gurbin memori biyu, tana kuma rage rawar hannu. Gurbi biyun nan ba ƙaramin abu ba ne: kowane hoto yana shiga wuri biyu, idan memori ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. Ba a sake kamun amarya don mai hoto ta yi asara. Sai tsohuwar Canon 6D ta 2012, wadda yanzu sai ta hannu. Tana da nauyi, amma batirinta kan haura hoto 1,000, abin da ya dace da halin wutar lantarkinmu. Ki lura duk farashin nan na jikin kyamara ne kawai, kuma da canjin dala na ranar saye za ki yi lissafi.

A nan ne iyaye da yawa ke shan mamaki. Jikin kyamara ba ya ɗaukar komai sai da idonta, wato lens, kuma idon full-frame ya fi tsada. Idan aka ɗaura mata idon ƙaramar kyamara don rage kuɗi, RP da Z5 duk sukan koma amfani da tsakiyar farantin kawai, hoton ya sauko zuwa megafiksel 10 ko kusa da haka, kin ga kuɗin babban faranti ya tafi a banza. Ido mai lamba 50mm f/1.8 yana cikin masu araha daga masu jan haske sosai, yana kyau ga hoton amarya ita kaɗai. Amma ɗakunanmu ƙanana ne, idan ƙawaye goma suka jeru, sai mai 35mm ne zai kwashe su. Ki ƙara batir na biyu, memori biyu, fitilar filasha, jaka mai rufewa saboda ƙurar hunturu, da kwamfuta ko waya mai ƙarfi ta gyaran hoto. Shawarata, duk abin da kika tara, kada jikin kyamara ya cinye fiye da rabi.

Idan ta hannu za a saya, a Kano za a fi samun zaɓi, kuma kada yarinya ta tafi ita kaɗai. A nemi wani mai hoto da ya daɗe a sana'ar ya raka ta tare da babanta ko yayanta. A duba yawan hoton da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin makullin haskenta yana tsufa; na 6D an ƙiyasta masa bugu 100,000. A ɗauki hoton farin bango a duba ko akwai ɗige-ɗige. Idan aka miƙo Nikon D600 da araha, a sani an san ta da tara ɗigon mai da ƙura a kan faranti, kuma D610 ce ta maye gurbinta a 2013. A karɓi rasit mai lambar kyamarar, saboda kayan sata. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

To wa ya kamata ta saya? Idan 'yarki ta riga ta ɗauki bukukuwa ana biyanta, kuma yawancin aikinta na dare ne a cikin ɗaki, full-frame za ta biya kanta, ni kuwa Z5 zan fifita saboda memori biyu. Idan kuwa sha'awa ce ta fara tsirowa, a fara da ƙarama ta hannu irin Canon 2000D ko Nikon D3500, a haɗa mata da ido mai jan haske da filasha. Ko ma ta bi wata mai hoto ta yi bukukuwa biyar ko shida tana riƙe mata jaka, ta ga tsayuwar yini guda da ciwon baya da bin bashin masu biki. Ki ba ta littafi ta riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Bayan wata shida littafin ne zai gaya muku ko lokacin babbar kyamara ya yi.

Abu na ƙarshe ya fi kuɗin nauyi. Matan da suka yaye mayafi a gaban 'yarki sun yi ne don sun yarda da gidanku. Ki kafa mata doka tun kafin kyamara ta shigo: ba hoton da zai hau Facebook ko TikTok sai da izinin mai shi, ba a miƙa memori ga masu wankin hoto a tafi a bar shi, kuma a goge komai bayan an damƙa wa masu biki nasu. Hoto ɗaya da ya fita ba bisa ƙa'ida ba ya isa ya girgiza aure, ya rufe sana'ar, ya kuma taɓa sunanki a unguwa.

Iyayen da 'ya'yansu suka riga suka shiga wannan sana'a, ku faɗa mana a ƙasa da wace kyamara suka fara, da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta. Allah Ya sa albarka a neman 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.